A Bar Ɗalibi Ya Juya Rigar Baibai

Wanda ya san riga ba ya daɗewa wajen kallon gabanta. Je ka wajen 'yan riguna a Kasuwar Kurmi ka tsaya gefe, za ka bambance masani da baƙo tun ba a fara ciniki ba. Baƙo zai ɗaga babbar riga sama, ya yaba ƙyallin zare, ya tambayi kuɗi. Masani kuwa hannu zai zura ta wuya, ya juyo aikin baibai, ya matsa bakin rumfa inda haske yake. Can baya gaskiyar ɗinki take: inda aka ƙulle zare, inda aka yi tsallake don a gama da wuri, inda hannu ya gaji allura ta fara faɗin taki, inda aka canza maɗinki a tsakiyar aiki. Gaba na mai sawa ne da masu kallonsa ranar hawa. Baya na mai sana'a ne.

Koyon aikin ma ta baya ake fara shi. A zaurukan cikin birni inda har yau ake zama kan tabarma ana aikin hannu, yaron da aka kawo koyo yakan daɗe bai taɓa sabuwar shadda ba. Zura zare a allura ne aikinsa, da miƙo almakashi, da kallo. Ran da maigidansa ya ga idonsa ya fara buɗewa, sai ya jefo masa tsohuwar riga wadda ta gama yayi, ya ce ya warware aljihun. Yaro ya tsura wa aikin ido ta gaba, ya rasa ta inda zai kama.

"Kai, ɗan nan, juya ta mana. Ta nan allura ta shiga, ta can ta fito."

"To, Baba."

Da tsinin allura yake bin zaren yana cirewa ɗaya bayan ɗaya, kowane zaren da ya zare kuma yana gaya masa abin da aka fara da shi da abin da aka rufe da shi. Kafin ya gama warware aljihu guda, yatsunsa sun san abin da baki zai yi watanni bai karantar ba.

Zanen kansa ba mallakin kowa ba ne. Mai zane, wanda sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalamin kara da tawada, shi ke shimfiɗa yadi ya fitar da aska takwas ko aska biyu, ya zagaya tambari, ya jera gidan biyar, sannan maɗinka su bi sawun tawadar. Bai biya kowa ladan aska takwas ba, shi ma ba ya hana wani. Ba ma yadda za a yi a ɓoye ta, tunda a ƙirji ake sa ta a fita Idi. Wannan ya tsawaita askar, wancan ya ƙara dagi, na Bida ya yi nasa salo, na Ilori ya yi nasa, har zanen ya kai arewacin Kamaru da Gana, duk inda ka gan shi kuma ka gane shi. Da Bature Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin garin nan suna kaiwa Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Yawan hannuwan da suka iya aikin ne ya kai su can. Sana'o'inmu da aka lulluɓe da sirri aka ce sai ɗan gida, da yawansu sun bi masu su kabari.

'Ya'yanmu masu karatun injiniya ne suka sa na kawo zancen riga. Jami'ar Bayero 'yar cikin birni ce ta asali: a 1960 aka fara ta da sunan Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tsohon matsuguninta kuma yana nan wajen Ƙofar Kabuga da Dukawuya. Yau yaron Yakasai ko Mandawari ko Gwale yana hawa adaidaita ya nufi sabon matsuguni a hanyar Gwarzo, ko ya tafi Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil, ko ta Samaru a Zariya, ya yi shekara biyar ana shirya shi ya zama injiniyan lantarki ko na gine-gine ko na injuna. Babban kaso na aikinsa a shekarun nan a gaban kwamfuta yake yin sa. Shin rigar da muka miƙa masa a can ta yarda a juya ta?

Kowace manhaja tana da gaba da baya. Gaban shi ne abin da ke bayyana a fuskar kwamfuta, maɓallai da hotuna da amsoshi. Bayan shi ne rubutun da wasu mutane suka zauna suka yi layi bayan layi, umarnin da ke gaya wa na'ura ta tara wannan, ta raba wancan, in ta ga kaza ta yi kaza. Kamfanonin da suka yi manyan manhajojin da ake ji da su a fannin, irin su MATLAB da AutoCAD, gaba suke sayar maka, su riƙe baya, takardar lasisin ma ta hana ka yunƙurin warwarewa. Haƙƙinsu ne, kayansu kuma na ƙwarai ne. Akawun da ke buga wasiƙa ba ruwansa da bayan manhaja, kamar yadda ango ba ruwansa da inda aka ƙulle zare. Amma ɗalibin injiniya ba don ya sa riga aka kawo shi ba. An kawo shi ne ya iya ɗinka ta.

Duba abin da ke faruwa a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibi ya zana da'irar lantarki a kwamfuta, ya danna maɓalli, wani layi mai lanƙwasa ya fito yana nuna yadda wuta ke hawa da sauka. Malami ya tsaya a kansa ya ce, "Ta yaya ta samu wannan?" Ya ce, "Malam, haka ta bayar." Wannan amsa tana damuna ƙwarai, domin ran da manhajar ta bayar da abin da ba shi ne ba, ko don an shigar mata da lamba a karkace, ko don lissafin ya fi ƙarfin dabarar da aka gina ta a kai, yaron nan zai karɓa ya sa hannu. Alhali abin da ke can ciki ba baƙonsa ba ne. Dokokin Kirchhoff ne da ya haddace tun yana aji biyu, an jera su sun zama tarin lissafi, sai dabarar Newton ta maimaita cinta har amsa ta daina motsi. Akwai manhaja mai suna ngspice da ke yin wannan aikin, rubutunta kuma a buɗe yake ga duk mai so. Malami zai iya buɗe daidai wurin da ake wannan maimaicin, ya nuna wa aji, ya ce su rage yawan zagayen su ga yadda amsa ke lalacewa. Ba kowane ɗalibi ne zai nutsa cikin rubutun ba, kamar yadda ba kowane yaron zaure ke zama mai zane ba. Amma wanda Allah ya ba idon, kada ya zo ya tarar an ɗinke masa baya da shafi.

Fafutukar barin bayan manhaja a buɗe daga ɓacin ran wani mai sana'a ta faro. Wajen 1980, a jami'ar MIT ta Amurka, aka kawo sabon injin buga takarda na kamfanin Xerox wanda takarda ke yawan maƙalewa a ciki. Richard Stallman ya taɓa gyara manhajar tsohon injinsu ta riƙa sanar da mutane in takarda ta maƙale, ya nemi rubutun sabon don ya yi masa haka, aka hana shi. A 1983 ya shelanta aikin GNU na gina buɗaɗɗun manhajoji, a 1989 ya fitar da lasisin GPL, wanda ya ce: ɗauki, yi amfani, duba ciki, canza, raba wa wasu, sayar ma in ka ga dama, da sharaɗi guda, in ka raba wadda ka gyara to kai ma ka bar bayanta a buɗe. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ɗan shekara 21, Linus Torvalds, ya saki Linux. Yau duk wayar Android da ke layin 'yan waya a Farm Centre, Linux ne ginshiƙinta.

Akwai kuma zancen kuɗi, da abin da ya fi kuɗi. Lasisin manyan manhajoji da dala ake yanka shi. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 2024. Kowa ya san abin da ake yi a jami'o'inmu idan lasisi ya gagara: kwafin sata ne ke yawo daga filas zuwa filas, wani lokaci da ƙwayar cuta a maƙale, ta cinye wa yaro aikin zango guda. Mu da muke tashin 'ya'yanmu kan tsoron haƙƙin wani, bai dace a ce darasin farko da suka ɗauka a sana'ar da ginshiƙinta amana ce shi ne yadda ake fasa makullin kayan mutane ba. Wasu kamfanonin suna bai wa ɗalibi kyauta muddin yana makaranta, madalla da hakan, sai dai ran da ya karɓi takardar kammalawa ya kama shago a Ƙofar Ruwa, lasisi ya ƙare, hannunsa kuma bai saba da komai ba sai ita. Zanen aro ba ya rufe katara. Ga Octave da Scilab da Python don lissafi, ga KiCad don zana allon lantarki, ga FreeCAD don zanen ƙarafa, ga QGIS don taswira, duk halal ne ya ɗauka ya tafi da su gida, ya ci abinci da su har tsufansa.

Masu cewa kamfanonin da ke ɗaukar aiki AutoCAD suke tambaya, gaskiya suka faɗa, a koya masa ita ma. Wanda ya fahimci yanka ba ya daɗewa wajen sabawa da sabon almakashi. Kuma ba duk aiki ne ke neman rufaffiyar manhaja ba: alƙaluman asibitocin ƙasar nan a DHIS2 ake tara su, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta a buɗe, ma'aikatan rigakafin shan inna kuma da ODK suka riƙa cike bayanai a wayoyinsu.

Inda kwatancin ya fi zama daidai shi ne na'urar da ake riƙewa a hannu. A 2005, a wata makaranta a garin Ivrea na Italiya, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fitar da Arduino don ɗalibansu su samu abin gwaji mai araha. Wanda aka fi sani, Uno, bai cika tafin hannu ba. A tsakiyarsa akwai ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P, a gefe ramuka 14 na kunnawa da kashewa, a ɗaya gefen ramuka 6 na aunawa. Masu shi sun wallafa zanen allon gaba ɗaya, kowace waya daga inda ta taso zuwa inda ta sauka, suka ce kowa ya ƙera nasa, sunan kawai suka riƙe. Shi ya sa masana'antun Sin ke buga irinsa ba tare da sun saci komai ba, shi ya sa kuma ya iso hannun ɗalibin Kano a kuɗin da zai iya tsamewa daga na abincinsa. Na'urar gwaji mai tsada a kabad ake kulle ta, ɗalibai su kalle ta daga nesa don gudun kada ta lalace a ce wa ya taɓa. Wannan kuwa in yaro ya haɗa waya a karkace ya ƙona ta, ya shaƙi ƙaurin, ya duba zane ya gano abin da ya mutu, ya ɗauko dalma ya sauya. Ƙaurin nan ma karatu ne.

Ɗauki misalin da kowane gida mai rijiyar burtsatse a cikin birni ya sani. An kawo wuta tsakar dare, an kunna sumo, barci ya kwashe mai gadi, tanki ya cika ya yi ta zuba a lungu har asuba, ko kuma ruwan rijiyar ya ja baya injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Da Arduino da 'yar na'urar auna tsayin ruwa da makunni guda, ɗalibin aji uku zai iya haɗa abin da zai kashe injin in tanki ya cika, ya kuma ƙi kunna shi in wutar ta yi rauni. In ya yi aiki, sai ya buɗe KiCad ya ɗauko zanen Uno, ya zubar da duk abin da tanki ba ya bukata, ya ƙara kariyar da irin wutarmu mai hawa da sauka ke bukata, ya fitar da allo nasa na kansa. Nan ne ya tashi daga mai bin tawada ya zama mai zane.

Sai dai buɗewar tana da nata haɗarin, kuma malamai sun fi kowa saninsa. Tunda rubutun a bainar jama'a yake, malalacin ɗalibi zai kwaso na wani daga intanet, ya liƙa, fitila ta kama, ya kawo a ba shi maki bai fahimci layi ɗaya ba. Maganin yana hannun malami, bai kuma da tsada. Ranar kare aiki a ce masa, "Mayar da wannan wayar rami na bakwai, ka gyara rubutun a gabanmu. Sa injin ya jira minti biyu kafin ya tashi." Wanda ya ɗinka da hannunsa ba zai yi gumi ba. Akwai kuma iyakar da ya kamata mu faɗa wa kanmu: allon a buɗe yake, amma ƙwaƙwalwar da ke tsakiyarsa rufaffiya ce, daga waje ake kawo ta, kamar dai yadda allura da zare da shaddar da ake aiki a kai yau duk baƙi ne. Ko nan ma an fara buɗe ƙofa. A 2010 Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fara RISC-V, tsarin umarnin ƙwaƙwalwar kwamfuta wanda kowa zai iya ƙera tasa a kai ba tare da biyan kowa ba, ɗalibai a ƙasashe da dama kuma da shi suke koyon zana ƙwaƙwalwa tun daga tushe.

Sana'ar ɗinkin ita kanta yanzu ta shiga wannan hali. Injinan surfani na kwamfuta masu kawuna da yawa sun cika gari, suna gama a yini abin da hannu ke kwashe makonni yana yi. Zanen yana zuwa ne a filas, galibi cikin tsarin DST na kamfanin Tajima na Japan, yaron da ke kan injin kuma nasa shi ne ya ɗaura yadi ya danna. Ka ce ya gajarta maka aska ɗaya, sai ya ce sai an koma wajen mai manhaja. Zanen da kakanninsa suka yi ta miƙa wa juna kyauta ya dawo masa a kulle. Alhali akwai Ink/Stitch, buɗaɗɗiyar manhajar zanen surfani da ke hawa kan Inkscape. Ina ɗalibin da zai zauna da dattawan zaure, ya ɗauki aska takwas da tambari da gidan biyar yadda hannun Kano ke fitar da su, ya shigar da su ya bar wa kowa? Ina ɗalibin fannin haɗa injuna da lantarki da zai buɗe allon injin nan ya zana shi, don in ya mutu a daina jiran kaya daga Sin?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wasu daga cikin kayan nan da na lissafa aikin ɗalibai ne. SPICE, kakar ngspice, aikin wani ɗalibi ne a Berkeley, Laurence Nagel, wanda malaminsa Donald Pederson ya dage sai an bar shi ga jama'a, aka fitar da shi a 1973. Arduino a kan Wiring aka gina shi, aikin digiri na biyu na wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán. Da an ɗaure waɗannan da baƙin bango an jefa a sito, da ba wanda ya ji labarinsu. Mu kuwa haka muke yi. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna zuba kuɗin iyayensu da barcinsu a furojet: injin ƙyanƙyasar ƙwai, inbata, abin juya faifan sola ya bi rana, na'urar ban ruwa. A kare, a ba da maki, a jibge littafin a kan na bara, na'urar ta yi ƙura har wani ya zare batirinta. Baɗi wani yaro ya sake faro injin ƙyanƙyasar daga farko, ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa, domin ba wanda ya bar masa tsohuwar rigar da zai warware.

Ba wai ba mu iya ba ne. A 2022 wasu masu bincike, Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero a gabansu, suka fitar da NaijaSenti, tarin dubban saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka da aka tantance don koya wa kwamfuta gane yabo da suka, suka bar shi a buɗe, masu bincike a ƙasashe da dama suka ɗora nasu aikin a kai. Abin da masu kwamfuta suka yi, masu lantarki da injuna ma za su iya. Indiya ta mayar da abin tsari tun 2009, da shirin FOSSEE na cibiyar IIT ta Bombay, inda ɗalibai ke ɗaukar misalan lissafin da ke cikin littattafan karatunsu su rubuta su da Scilab, a duba, a ajiye wa na baya.

Abin da nake roƙon sassan injiniya na jami'o'inmu ƙarami ne. Kada a karɓi furojet sai da bayansa: zanen allo, rubutun manhaja, jerin kayan da aka saya da kasuwar da aka same su da kuɗinsu, da bayanin abin da aka gwada ya ƙi, wanda sau da yawa ya fi sauran amfani. A ɗora su inda na baya zai samu, da sunan ɗalibi da na malaminsa a kai, ƙarƙashin lasisin da zai tilasta wa mai ɗauka ya ambace su. Aikin da ake ganin zai iya zama haja a kasuwa, a keɓe shi a yi masa rajista, sauran a sake su. A yarda ɗalibin bana ya ɗauki na bara ya gyara, a ba shi maki a kan gyaran. A kuma haɗa da shafi biyu da Hausa, domin mai naɗin waya a Ƙofar Ruwa da mai gyaran inbata a Sabon Gari, waɗanda su ne za su ƙera abin su sayar, su iya karantawa. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗi daga Abuja. Sa hannun shugaban sashe da yardar malaman da ke duba furojet sun isa a fara da ɗaliban da za su kammala bana.